Hanyar Dawo da Ɗantsoho Daga Agbor

Litinin, 5 ga Mayu, bayan Azahar

Madam Isioma ta kira. Ita ce shugabar makarantar da Ɗantsoho yake bautar ƙasa a Agbor, kuma a gidanta yake tun da aka sallame shi daga asibiti. Ta ce ya sha shayi, ya ci rabin burodi. Ta ce jiya ya yi wanka ba tare da an ce ya yi ba. Na yi ta yi mata godiya da Turanci har kalmomin suka ƙare mini na koma Hausa, ita kuma tana ta amsawa kamar tana ji.

Na ce ta ba shi wayar. Na ji takunta, na ji ta ƙwanƙwasa ƙofa, na ji shiru. Ta dawo ta ce yana barci.

Ɗana na fari ne. Tun yana goye ba ya barcin rana.

Ƙanena Labbo ya dawo daga can shekaranjiya, shi kaɗai. Ya ɗauki shatar mota har ƙofar gidan Madam, an saka jaka. Ɗantsoho ya fito, ya ɗora hannu a kan murfin motar, sai ya durƙusa ya yi amai. Washegari suka sake gwadawa, haka dai. Labbo ya ce, “Yaya, in munka matsa mishi wani abu za mu ƙara ɓatawa.” Jirgin sama kuma likita ya hana, sai kunnensa na hagu ya warke. Ban tambayi abin da ya sami kunnen ba.

Saƙo ɗaya ya ba Labbo ya kawo mini: kada Mama ta zo.

Talata, 6 ga Mayu, hantsi, a ofis

Farfesa ya aiko da imel yana tambayar babi na huɗu. Ban amsa ba.

Shekara uku ina wannan digirin a kan yadda kwamfuta za ta tsara wa matafiyi tafiyar jirgin ƙasa, a garin da ko ƙarfen dogo ɗaya babu. Abokan aiki sun gaji da yi mini dariya. Da jadawalin jiragen Suwizalan nake aiki, tashoshin da ban iya faɗin sunansu ba.

Ɗalibai kullum suna zaton abin shi ne a nemo hanyar da ta fi sauri. Da haka ne da tuni kowa ya huta. Wani so yake ya isa da wuri, wani arha yake nema, tsohuwa mai kaya ba ta son ta sauka ta canja jirgi ko sau ɗaya. Kuma hanyar da ta fi sauri sau da yawa ita ce mai yawan canji. Shi ya sa manhajata ba ta zaɓa wa kowa. Tana zubar da hanya ne kawai in akwai wata da ba ta gaza ta a komai ba kuma ta fi ta a wani abu. Waɗanda suka rage ta miƙa wa mutum, ya ji da su.

Ina zaune ina kallon allon sai na tuna akwai jirgi a Agbor. Bara Ɗantsoho ya turo mini hoton tashar, ya rubuta, “Mama, ga abin naki na gaske.”

Na rufe Suwizalan.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan La'asar

Na shigar da namu da hannu. Agbor zuwa Itakpe, jirgi. Abuja zuwa Kaduna, jirgi. Duk sauran mota ne. Abin bai kai shafi ɗaya ba, ko a takarda zan iya lissafa shi, amma na zauna na rubuta. Na cire ma'aunin kuɗi. Na sa sababbi biyu: tsawon zama cikin mota, da kuma kada La'asar ta riske su a kan titi.

Mutum uku na tambaya lokacin tashin jirgin Agbor, kowa da nasa. Madam ta ce za ta je tashar da kanta ta gani.

Hanya uku suka rage. Na sake kunna ta. Uku dai.

Alhamis, da safe

Na share tsakar gida sau biyu. Wuta ba ta zo ba. Waya ba ta yi ƙara ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Na nuna wa mijina, Malam Sunusi. Yana kishingiɗe a falo da abin awon jini a dantse. Tun kwanakin nan da aka sace yaron a hanya ba mu san inda yake ba jininsa ya hau har aka kwantar da shi, shi ya sa Labbo ne ya je ba ubansa ba. Wannan yana cinsa, na sani, ko da yake bai ce ba.

Na yi masa bayani. Ta farko mota ce zalla, ta Kontagora da Yawuri, ta fi sauri, babu canji. Ta biyu jirgi ɗaya zuwa Itakpe, daga nan mota har gida. Ta uku jirgi biyu, sannan Kaduna, Gusau, Sakkwato, ana tafiya da safe kawai. Ita ta fi ƙarancin zama a mota, amma ta fi kowacce kwana a hanya da hawa da sauka.

Ya ce, “To wace ta hi?”

Na ce babu.

“Zakiyya, shekara uku kina wanga aiki, ki ce man babu?”

Na ce haka abin yake, kowacce ta ci ’yar’uwarta a wani wuri ta faɗi a wani.

Ya cire abin awon ya ajiye. Ya ce shi ɗansa yake so a gida. A samu likita ya yi masa allurar barci, a sa shi a mota, kafin ya farka sun wuce Neja. Na ce in ya farka fa, a cikin mota, a daji, bai san inda yake ba? Ban so na faɗi haka ba. Mu duka mun san abin da na kwatanta.

Ya tashi ya shiga ɗaki. Bai ci tuwon ba.

Asabar, 10 ga Mayu, da yamma

Argungu, gaida Inna Riskuwa. Ni kaɗai na je, Malam ya ce ba ya iya kallon mahaifiyarsa yanzu.

Ba a gaya mata komai ba. Idanunta sun tafi, rediyo kuma an ce wa jikokin gidan su riƙa cewa batir ya ƙare. Ita ta sa wa yaron Ɗantsoho, don sunan mijinta Ja'afar ya ci, kuma a ɗakinta aka yaye shi.

A hanya na wuce ta fadama. Ana yankan shinkafar rani a gonar Malam, wadda muka sayar muka fanso yaron. Ta yi kyau bana. Mutanen da ke ciki ban san ko ɗaya ba. Na ce wa direba kada ya rage gudu.

Inna ta riƙe hannuna ta ce, “Mai gidana ya manta da ni. Wata biyu bai kira ba.” Haka take kiransa. Na ce aiki ne, kuma can sabis ba shi da kyau. Ta ce, “Shina cin abinci dai? Abincinsu duk manja na.” Na ce yana ci.

Sai ta ce, “Shinkahwar bana ba ta iso ba. Ku ce ma Sunusi shi aiko, ko tiya guda, in ɗanɗana sabuwa.”

Na ce to.

Litinin, 12 ga Mayu, da safe

Kada Mama ta zo. Na juya maganar ta kowace fuska. Fushi ne? Kunya? Ko akwai abin da Labbo ya gani bai faɗa mini ba?

Na ƙara ma'auni na jinin Malam, kada tafiyar yini ɗaya ta yi tsawo. Hanyoyin suka zama biyar. Haka yake, ni na koyar da shi: duk ma'aunin da aka ƙara, waɗanda ba a iya zubarwa ƙaruwa suke. Na sani, amma na zauna ina jin haushin kwamfuta.

Talata, Azahar

’Yan jaje. Daga Gwadangaji, daga ofis, daga unguwar nan Gesse. Kowa da tambayar da yake so ya yi, kowa yana kewaye ta. Wata ta ce, “Su nawa ne a motar?” Na tashi na ɗebo musu ruwa.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan La'asar

Ya yi magana da ni.

Madam ce ta kira, ba ta ce komai ba, sai na ji numfashi. Na ce, “Ɗantsoho.” Ya ce, “Mama.” Muryarsa ta yi ƙasa kamar ta mai mura. Na kama bakin tebur. Na riga na yi wa kaina alkawari ba zan yi kuka ba kuma ba zan yi tambaya ba, to sai na rasa abin faɗa. Sai na ji ina karanta masa hanyoyin, ɗaya bayan ɗaya, kamar ina gaban aji.

Ya saurara har na gama. Ya ce, “A jirgin, mutum na iya tashi tsaye?”

Na ce i, yana iya tafiya daga tarago zuwa tarago.

“Ba ya tsayawa in an tare shi?”

Ƙarya ta zo har bakina. Na ce, “A tasha aka tsara shi ya tsaya. Abin da ya wuce haka Allah ya sani.”

Ya ce, “To mai jirgi biyu.” Can kuma ya ce, “Mama, gida akwai mutane?”

Na ce suna zuwa.

“Ba ni son Gesse. A kai ni wurin Inna.”

Duk lissafin da na yi kwana da kwanaki, Birnin Kebbi na sa a matsayin inda za a sauka. Ban tambayi kowa ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, da safe

Malam ya ji duka. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce shi zai je, ko likita ya yarda ko bai yarda ba. Labbo zai tuƙa motarmu, ya jira a Itakpe, Malam ya hau jirgi ya ɗauko shi. Inda suke jirgi, Labbo ya bi titi ya tarbe su a gaba. Wataƙila motar da ya sani tun yana sakandare ba za ta zama kamar sauran ba.

Har yanzu yana ganin hanyar ta yi tsawo. Ya faɗa sau uku.

Saura Inna. Ba a kai mata yaro haka ba tare da ta sani ba.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan Magariba

Mun je tare. Malam ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ya fara, ya kasa. Ni na ƙarasa. Na faɗa mata daidai abin da za a iya faɗa: hanya, kwanakin, gonar, asibiti, yana raye.

Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta laluba ta ɗauki carbinta ta ajiye a cinya.

Ta ce, “Sunusi, kwana nawa shina hannunsu?” Ya faɗa mata.

“Duk kwanakin ga ina nan zaune ina roƙon Allah shi ba shi mata tagari.” Ta juyo inda take jin numfashina. “Da kun hwaɗa man, da na san abin da zan roƙa. Kun hana ni. Ido na rasa, ba baki ba.”

Malam ya ce, “Inna, tsoro munka ji.”

Ta ce, “Ku tashi ku ba ni wuri.”

Mun kai zaure sai ta aiko a kira ni. Ta ce a fitar da buhunan albasa daga ɗakin da ke kusa da nata, a share, a sa sabuwar tabarma. Kuma duk wanda ya zo gaisuwa a ce masa ita ce ba ta da lafiya, ba ta ganin kowa. Ba ta ce ta yafe ba.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan Asuba

Sun tafi. Na sa maganin Malam a aljihun gaba na jakarsa, na gaya wa Labbo inda yake. Na ba su takardar da na buga, kowace rana da inda za su kwana. Malam ya ninke ta ya sa a hula.

Talata

Abuja. Na wanke labulen falo, ba su yi datti ba.

Laraba, 21 ga Mayu, da yamma

Malam ya isa Agbor. Na ce yaya ya gan shi? Ya ce, “Lahiya lau.” Na ce ya rame? Ya ce, “Zakiyya, sai mun zo.” Ya kashe.

Alhamis, 22 ga Mayu, hantsi

Suna cikin jirgi. A kan babur suka je tasha, ya yarda da babur. Malam ya ce yana tsaye a bakin taga tun da suka tashi.

Na koma ofis. Na ba ’yan aji biyu darasi, ban san abin da na ce ba.

Alhamis, bayan La'asar

Labbo ne ya kira, ba Malam ba.

Sun iso Itakpe. Kowa ya sauka. Ɗantsoho ya zo har bakin ƙofar taragon, ya hango filin da motoci suke, direbobi suna kiran Lokoja, Abuja, suna jan jakunkunan mutane. Ya koma ya zauna. Labbo ya matso da motarmu inda zai gan ta, ya buɗe duka ƙofofin. Bai tashi ba. Ma'aikatan suka ce jirgin zai juya kudu, sai dai su sauka ko su sayi tikiti.

Na ce to me Malam ya yi?

“Ya sayi biyu, Yaya. Sun koma.”

Na ce sun koma ina?

“Agbor.”

Na kira Malam ya fi a ƙirga kafin ta shiga. Na fara magana da ƙarfi, na ce masaukin Abuja, na ce tikitin Kaduna, na ce maganinsa ba zai kai ba. Ya bar ni na gama. Ina jin ƙarar ƙarfen a bayansa.

Ya ce, “Ya yi barci. Kansa na bisa kahwaɗata. Madam ta ce bai taɓa barcin kirki ba tun da anka kawo shi. Ki bar mu, babu gaggawa.”

Shi ne fa mai allurar barci.

Juma'a, 23 ga Mayu, da safe

A manhajata akwai layin da ke share duk hanyar da ta bi tasha ɗaya sau biyu. Ni na rubuta shi a shekarar farko, ban ko tsaya tunani ba. Akwai wani kuma da ke ba matafiyi ’yan mintoci ya sauka ya hau na gaba. Na buɗe su ina kallo. Ban taɓa komai ba.

Madam ta samo wa Malam maganinsa a kemis. Yau hutawa za su yi.

Asabar, 24 ga Mayu, Azahar

Suna jirgi kuma. Na kasa zama. Na hau keke-napep na je kasuwa ban sayi komai ba, na dawo.

Asabar, bayan La'asar

Ya shiga.

Labbo ya ce sun bari sai da filin ya watse. Malam ya ce masa in bai iya ba su sake komawa, ko sau goma ne. Suka zauna a benci. Can Ɗantsoho ya tashi da kansa ya zagaya motar, ya taɓa inda ya taɓa goga ta a ginin ƙofar gida lokacin yana koyon tuƙi. Ya shiga gaba. Gilas duka a sauke. Malam a baya, hannunsa a kan kafaɗarsa. A Lokoja suka tsaya, don La'asar ta yi.

Na yi sujada a tsakar gida, siminti yana ƙona mini goshi.

Litinin, 26 ga Mayu

Kaduna. Takardar da na buga ba ta da sauran amfani, ranakun duk sun goce. Malam ya ce tana nan a hula.

Talata, 27 ga Mayu, hantsi

Funtuwa zuwa Gusau. Na kashe rediyo. Na kunna. Na kashe.

Talata, Azahar

Gusau. Sau huɗu suka tsaya ya fita ya sha iska. A wani shingen sojoji ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi har suka wuce.

Na haɗa kaya, zan kwana Argungu. Ya ce kada in zo can. Bai ce kada in zo nan ba. Ban sani ba. Zan je.

Laraba, 28 ga Mayu, bayan Magariba, Argungu

Sun iso ana kiran La'asar. Hadari ya haɗu ta gabas bai zuba ba.

Ina tsakar gida na ji tsayuwar motar. Ban fita ba. Ya shigo bayan ubansa, rigar Malam ce a jikinsa, ta yi masa yawa. Auduga a kunne. Yana ɗingisa ƙafar dama, ba wanda ya gaya mini wannan. Akwai wani abu kuma a wuyan hannuwansa biyu. Ya ga na gani, ya ja hannun rigar.

Ya durƙusa ya gaishe ni. Na amsa. A gaban surukata nake, ɗan fari ne, ban san inda zan sa hannuwana ba. Na miƙa masa kofin ruwa, na riƙe gindin kofin har ya shanye.

Inna ta ce, “Ku kawo man shi.” Ta shafa kansa, fuskarsa, ta sauko har wuyan hannun. Yatsunta suka tsaya a wurin. Ta ce, “Mai gidana, ka yi aski mummuna.” Ya yi wani sauti, kusan dariya.

Ya ci tuwon shinkafa da miyar kifi, bai kai rabi ba. Shinkafar ta kasuwa ce, Inna ta cinye nata. Ga Malam kuma har yanzu amsa gaisuwa kawai take.

Alhamis, 29 ga Mayu, hantsi

Malam yana barci tun bayan Asuba. Labbo ya wuce gida.

Ina wanke kwanoni a bakin rijiya Ɗantsoho ya zo ya tsuguna kusa da ni, ta gefen kunnen da ke ji. Ya ɗauki kwano yana ɗauraye mini. Mun daɗe haka. Na ce akwai likita a Sakkwato da aka ce ya iya irin wannan, in ya shirya. Ya ce, “Ba wannan satin ba.” Na ce to.

Ya ajiye kwanon ya kalli ƙofar ɗakin da ubansa yake.

“Mama, ranar da munka koma Agbor, Baba ya zaci barci nike. Kuka ya yi tun daga Itakpe. Shi ya sa ban ɗaga kaina ba. Kada ki ce na gaya miki.”

Na ce ba zan ce ba. Na miƙa masa wani kwanon.